Danub ko Pamir: wace hanya ta dace da mai keken da mutane yake nema?

Ƙanin wani abokina, ma'aikacin banki da ya shekara huɗu yana tara kuɗi da kwanakin hutu, ya same ni da taswira biyu a wayarsa. Ɗaya ta bakin kogin Danub ce a Turai, ɗaya ta tsaunukan Pamir a Tajikistan. Ya ce, "Yaya, kai da ka taka duka biyun, wacce zan bi? Ni fa ba duwatsu ko tsofaffin gine-gine ne suka dame ni ba. So nake in haɗu da mutane, irin waɗanda suka ɗaure kayansu a keke suka bar gida." Na ce ya nemi wuri ya zauna, maganar ba ta tsaye ba ce.

Danub ita ce mai sauƙin bayani. Kogin ya taso daga kudancin Jamus, ya taɓa ƙasashe goma, tsawonsa wajen kilomita 2,850. Hanyar keken da ke bin gaɓarsa yanki ce ta EuroVelo 6, wadda ta faro daga gaɓar Atlantika a Faransa ta dire a Romaniya. Amma in ka ji wani ya ce ya yi Danub, yawanci yana nufin daga Passau, garin kan iyakar Jamus inda koguna uku suka haɗu, zuwa Biyena babban birnin Ostiriya. Kilomita 320 ne da 'yan kai, mako guda ga wanda ba ya sauri. Mai sauran hutu sai ya ƙara wani makon, ya bi ta Bratislava ya sauka Budapest.

Asalin hanyar turbar dawakai ce, waɗanda a da suke jan jiragen ruwa da igiya suna haurawa da su sama. Yanzu an zuba kwalta, an kafa alamomi, mafi yawanta mota ba ta hawa. Kana bin ruwa ne inda ya gangara, iska kuma galibi daga yamma take, tana tura ka ta baya. Ba ka daɗewa ba ka tarar da gari, da ruwan sha, da mai gyaran keke ba. In ka gaji da wannan gaɓa, akwai ƙananan jiragen fito da ke tsallakar da masu keke zuwa waccan. In gajiyar ta wuce haka, jirgin ƙasa na nan kusa. Za ka wuce Schlögen inda kogin ya yi lanƙwasa kamar lauje, ka wuce Linz, da Mauthausen inda 'yan Nazi suka yi sansanin azabtarwa, sannan Melk da kwarin Wachau mai gonakin inabi. A cikin kwarin ne Dürnstein yake, inda aka tsare Richard sarkin Ingila a 1192, yana hanyar komawa gida bayan yaƙinsa da Salahuddin.

Pamir kuwa wata duniya ce. Sunan hanyarta a takarda M41, kuma ɓangaren da ke tsakanin Osh da Khorog Tarayyar Sobiyet ce ta gina shi a farkon shekarun 1930. Daga Dushanbe babban birnin Tajikistan zuwa Osh a Kirgistan kilomita 1,200 ne da ɗoriya, masu keke kan yi mako uku zuwa huɗu. Kwanaki za ka yi kana bin kogin Panj, Afganistan na tsallake, kusan da har kana hangen yara suna ɗago maka hannu. Bayan Khorog sai ka zaɓa: ko ka miƙe kan babbar hanya, ko ka karkata ta kwarin Wakhan, ta Ishkashim da Langar, ka haye mashigin Khargush a kan yashi da gargada, wurin da tura keke ya fi hawansa yawa. Daga nan sai tudun gabas, fili fetal babu itace, Alichur, Murghab mai kasuwar kwantenoni, mashigin Ak-Baital mai tsayin mita 4,655, tafkin Karakul, iyakar Kyzyl-Art, sannan gangara zuwa Sary-Tash da Osh. Kwalta akwai ta a wasu wurare, a wasu kuma tarihinta kawai ya rage.

To, maganar mutane, wadda ita ce ta kawo shi.

In ƙidaya za a yi, Danub ta yi wa Pamir fintinkau. A tsakiyar bazararsu, masu keken da za ka gani kafin azahar tsakanin Melk da Krems sun fi waɗanda za ka gani a Pamir tun daga farko har ƙarshe. Sai dai gani daban, haɗuwa daban. Mafi yawansu miji da mata ne, ko iyali da yara, ko tsofaffin abokai 'yan fansho a kan kekuna masu batir. Kamfani ya kama musu ɗakuna tun daga gida, mota na kai jakunkunansu otal na gaba. Ba sa buƙatar komai a wurinka, kai ma ba ka buƙatar komai a wurinsu. Za a ce maka "Hallo" ko "Servus", a kaɗa ƙararrawa, a wuce. Ba wulaƙanci ba ne. Wanda zai tsaya gaisawa da kowane mai keke a wannan hanya ba zai kai ko'ina ba. Na taɓa yin kwana uku a jere, a cikin wannan cunkoso, maganar da ta fi tsawo da na yi da wani ita ce ta cinikin burodi.

A Pamir doka ce da ba a rubuta ba: in ka hango ɗigo biyu daga nesa suna tahowa, suka zama keke mai jakunkuna, kowa zai ja birki. Ana jingine kekuna a tsakiyar hanya, a cire safar hannu, a gaisa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Daga ina? Wata nawa a hanya? Ina ruwa na gaba? Shagon da ke ƙauyen can yana buɗe? Sojojin shingen gaba suna karɓar kwafin fasfo? Sai a shiga musaya. Wanda ya fito daga Kirgistan ya ba ka ragowar kuɗinsu na som, ka ba shi somoni na Tajikistan. A ba ka layin waya da bai ƙare ba, ka ba da faci ko man sarƙa. Wata Bafaranshiya da ke tafe ita kaɗai ta taɓa ciro wayar birki sabuwa daga jakarta ta miƙa mini a kusa da Alichur, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce ita ma a Iran wani ya ba ta. Minti ashirin muka yi tare, ban sake ganinta ba.

Dalilin bambancin ba wai mutanen Pamir sun fi kirki ba ne. Bukata ce. Inda babu alama, babu sabis na waya na kwanaki, babu mai gyara, labarin da ke bakin wanda ya fito daga inda za ka shi ne taswirarka. Kakanninmu fatake da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja neman goro sun san wannan: ayarin da ke dawowa shi ake tara a zango a tambayi halin hanya. Kuma da yake hanyar ɗaya ce, zangunan ma ƙidayayyu ne, wanda kuka rabu da shi a masaukin Dushanbe za ka tarar da shi a Khorog yana jinyar ciki, ku sake haɗuwa a Murghab kuna layin ruwan wanka. Kafin ku kai Osh kun zama kamar 'yan unguwa ɗaya, kowa ya san wanda gwiwarsa ta kumbura da wanda kare ya bi.

Kada a ɗauka Danub ba ta da nata. Tana da shi, sai dai ba a kan kwalta yake ba. Ka guji otal, ka sauka a filin kafa tanti, ka nufi kusurwar da ƙananan tantuna suke da kekuna masu ƙura. A nan ne za ka sami masu doguwar tafiya, waɗanda Biyena a wurinsu somin-taɓi ce, Santambul suka dosa ko ma Sin. Ka ɗora shayi a kan risho, ka ce bismillah, hira ta ɓarke. Hanya ta biyu ita ce Warmshowers, dandalin masu keke da ke saukar da 'yan'uwansu matafiya a gidajensu ba da kuɗin ɗaki ba. A Jamus da Ostiriya suna da yawa, kuma daren da ka yi a teburin cin abincin wani malamin makaranta a Linz zai nuna maka ƙasar fiye da duk abin da ka gani da rana. Ka tura saƙo da wuri, don gidajen da ke bakin hanya ba sa rabo da baƙi. Sannan da zarar ka wuce Budapest ka yi kudu, taron yakan watse, a fara tsayawa ana gaisawa kamar a Pamir. Sai dai a tuna Sabiya ba ta cikin Schengen, rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizarta daban.

Akwai abin da na ja kunnensa a kai, kuma ya fi shafar Pamir, inda haɗuwa kan rikiɗe ta zama tafiya tare. Sai hali ya zo ɗaya ake abota, a kan keke kuma har sai ƙafa ta zo ɗaya. Wani yana tashi da asuba, wani sai rana ta daki tanti. Wani kilomita 90 yake so, kai 50 ta ishe ka. Wani ya ƙudura ba zai kashe ko dala biyar a rana ba, kai kuma kana mafarkin katifa da ruwan zafi. Mai ƙarfi ya gaji da jira, mai rauni ya gaji da jin shi kaya ne, sai a fara shiru-shiru. Maganin da tsofaffin hannu suka gano shi ne kada a yi alkawari mai tsawo. A ce mu je tare zuwa gari na gaba, in an isa a sake shawara. Kuma ko kun zama biyar, kowa ya riƙe rishonsa, famfonsa da abincinsa. Ranar da za a rabu ba ta sallama.

Mutanen gari ma haɗuwa ne, kuma a nan Pamir ta sake yin gaba. Sallama ita ce sallamarmu, hannu a ƙirji. Na gode "rahmat" ne, shayi "choy". Daga bakin gona za a yafuto ka, a shimfiɗa maka, a kawo gurasa da shayin madara mai gishiri da man shanu, wanda sai ka daure a kurɓar farko. Tambayar da za ka ji sau ɗari ita ce "Otkuda?", wato daga ina, da Rashanci, kuma kalmomi talatin na wannan harshe sun fi maka amfani a kan duk Turancinka. Baƙar fata abin kallo ne a can, za a yi ta neman hoto da kai. Kallon mamaki ne, amma ranar da ka gaji yakan ishe ka. Ka kuma lura cewa masu karamcin nan talakawa ne, abin da suka ajiye maka wataƙila shi ne na gidan, don haka a bar wani abu cikin dabara ko da sun ce a'a. Mutanen yammacin Pamir 'yan Isma'iliyya ne mabiya Aga Khan, ba za ka riƙa ganin masallatai da jin kiran salla yadda ka saba ba. A gabas kuma makiyayan Kirgiz ne 'yan Sunni.  A Danub ba mai kallonka, ba kuma mai kiranka shan shayi. Abinci sai ka tambaya, don naman alade na shiga abubuwa da yawa, amma shagunan Turkawa na kowane babban gari, ga kifi, ga cuku, ga burodi. A Biyena babban masallacin Cibiyar Musulunci, wanda aka buɗe a 1979, a bakin ruwan yake, da kekenka za ka isa ƙofarsa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, lisha ta yi nisa, asuba ta yi sammako, barcin mai keke ya shiga tsakani.

Da na kai nan sai idonsa ya yi haske, ya ce shi ke nan, Pamir. Na ce ya dakata, akwai tambayar da ban yi ba: mene ne rukunin jininsa na gado? Ya ce bai taɓa gwadawa ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce gare mu. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos wajen 1,200 ce, Chappal Waddi da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya 2,419 ne. A gabashin Pamir kuwa za ka yi mako ko fiye kana kwana sama da mita 3,500, kuma a kan Ak-Baital iskar da ke shiga huhunka ba ta kai kashi 60 cikin 100 na ta bakin teku ba. Kowa na iya kamuwa da ciwon tsauni: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, in ya tsananta ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, maganinsa kuma a sauko nan take. Shi ya sa likitoci ke cewa in an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, shi ya sa kuma farawa daga Dushanbe ya fi, don hawan a hankali yake, ba kamar daga Osh ba inda cikin 'yan kwanaki ka wuce 4,000. Amma mu muna da ƙari. Mai sikila, SS, wannan hanya ba tasa ba ce sam. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, an san tsayi irin wannan tare da aikin ƙarfi da ƙishirwa na iya toshe jinin da ke zuwa saifarsa. Turawan da ke rubuta labaran Pamir ba su cika ambaton haka ba, don ba ciwonsu ba ne. Asibitin kirki kuma yana da nisan kwana a mota. A Danub babu ko ɗaya daga cikin wannan, abin da zai dame ka bai wuce ciwon mazaunai ba.

Ciki ma sai an shirya masa. Kusan duk wanda na sani ya yi Pamir ya yi kwanakin gudawa. A tafi da matatar ruwa da gishirin ORS. Sanyi kuma ko a Yuli ruwa kan daskare a gora da dare a kan tudu, lokacin tafiyar ma gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba.

Takardu su ne inda Danub ke rama abin da aka yi mata. Jamus, Ostiriya, Sulobakiya da Hungari duk biza ɗaya ce ta Schengen, kuɗinta yuro 90 tun 2024, kuma ba a mayarwa in an hana ka. Ana son inshorar lafiya ta yuro 30,000, bayanin asusun banki, da shaidar inda za ka kwana. Saurayi mai koren fasfo da ya ce a tanti zai riƙa kwana yana yawo a keke ya san irin kallon da takardarsa za ta sha. Abin dariyar shi ne, kamfanonin nan masu kama ɗakuna da na gama zargi da raba mutane, su ne ke ba ka jadawali cikakke da ke ƙarfafa takardarka. A nemi bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa, wato Ostiriya. Pamir kuwa biza biyu ce, ta Tajikistan da ta Kirgistan, ga izini na musamman na shiga GBAO, wato lardin da tsaunukan Pamir suke ciki, wanda za a duba a shingaye. Ƙasashen biyu na da neman biza ta intanet, amma sharuɗɗan sun bambanta daga fasfo zuwa fasfo, don haka a tabbatar da nasa kafin a sayi tikiti, kada a dogara da labarin Bajamushe. Iyakar Kyzyl-Art ta sha rufewa bayan faɗan da ƙasashen biyu suka yi a 2021 da 2022. Shugabanninsu sun sa hannu kan yarjejeniyar iyaka a Maris na 2025, duk da haka a tambayi halin da ake ciki kafin a tashi. In ta ƙi, ana juyowa daga Karakul ko Murghab a ɗora keke a kan motar haya a koma Dushanbe.

Kuɗi: abin da ɗaki ɗaya zai ci a Ostiriya a dare guda yana iya riƙe ka kwana biyu ko uku a gidajen saukar baƙi na Pamir, har da abincin dare da kari. Kafa tanti a daji haramun ne a mafi yawan Jamus da Ostiriya, a Pamir kuwa fili naka ne. Amma kayan Pamir ne masu tsada. Danub kowane keke mai lafiya zai yi ta, kana ma iya hayar sa a Passau ka ajiye a Biyena, ka huta da jigilar jirgi. Pamir na son keke mai ƙwari, taya mai faɗi, giya mai laushi ƙwarai, kariyar ɗora kaya ta ƙarfe, tanti mai jure iska, jakar barci ta sanyi, da hannun da ya iya gyara, don tsakanin Dushanbe da Osh kai ne mai facin kanka.

Ya tambayi tsaro, na gaya masa gaskiya. Ranar 29 ga Yulin 2018, a gundumar Danghara kudu da Dushanbe, wasu sun bi ta kan ayarin masu keke bakwai da mota, suka far musu da wuƙaƙe, suka kashe huɗu: Amurkawa biyu, ɗan Suwizalan da ɗan Holan. Ƙungiyar IS ta ɗauki alhaki. Mutanen nan a hanya suka haɗu suka jera, irin haɗuwar da yake nema. A 2022 ma an yi tarzoma a Khorog da Rushan. Abin da masu keke ke fama da shi kullum dai manyan motocin kaya ne a hanya mai ƙunci, da zaftarewar duwatsu, da karnukan makiyaya. A Danub ɓarawon keke ne abin tsoro, a biranen, sai a sayi kwaɗo mai kyau.

Shawarar da na ba shi ita ce ya raba abin biyu. Mutumin da bai taɓa kwana uku a jere a kan keke mai kaya ba, hutunsa kuma mako uku ne cif, in ya faɗa Pamir zai ƙare kwanakin yana kallon agogo, kuma mai kallon agogo ba ya tsayawa shan shayi, wanda shi ne abin da ya je nema. Ya yi Danub bana, a tanti, ya nemi masauki biyu ko uku a Warmshowers, ya zarce Budapest. A can zai gane ko jikinsa da halinsa na son wannan rayuwa, zai kuma zauna da waɗanda suka dawo daga Pamir su ba shi labari da bakinsu. In biza ta ƙi, akwai Ruwanda, wadda ba ta wahalar da ɗan Afirka a kan shiga: turbar Congo Nile da ke bin tafkin Kivu daga Rubavu zuwa Rusizi kilomita 227 ce, hawa da gangara zalla, kwana biyar za ta gaya masa gaskiyar ƙafafunsa. Wanda kuwa ya saba da doguwar tafiya, jininsa AA, yana da mako biyar ko shida a hannu, ba na ce masa ya ɓata lokaci a Danub ba.

Ya yi shiru, ya ce ranar Litinin zai je gwajin jini. Har ya kai ƙofa ya juyo ya tambayi yadda ake sa keke a jirgi. Na ce a kwali, irin wanda sababbin kekuna ke zuwa a ciki, masu sayar da kekuna na bayarwa, a cire feda, a juya kan keken, a sassauta iskar taya. Na dawowa ne ke da wuya. A Osh masu saukowa daga tsauni sukan jira masu isowa daga filin jirgi su kwance nasu, su karɓi kwalin. Wanda na samu ya sha salatif har ba a gane asalin launinsa, da takardun jirgi uku a manne, babu nawa a ciki.